Babi na 7: Kai Yara Babban Wurin Wasa Ba Tare da Tashin Hankali Ba

Darasi na 1: Wace rana, wane lokaci

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da 'yan'uwana. Duk wanda ya kawo babi na 7 ya riga ya iya rubuta sunansa da lambobi daga 0 zuwa 9. Da su kaɗai za mu yi aiki yau, don haka kada gaban kowa ya faɗi.

A Abuja akwai babban wurin wasa mai suna Magic Land, kusa da babban filin ƙwallo na ƙasa, daf da ƙofar shiga birni ta hanyar filin jirgin sama. An buɗe shi a 2007 da sunan Wonderland, kuma har yau wasu direbobi da wannan sunan suka san shi. In ka faɗi sabon suna direba ya tsaya yana kallonka, faɗi tsohon. Akwai lilo iri-iri a ciki, da motocin da ke karo da juna. Mutanen Kano masu kai yara Gidan Zoo, ku ma darasin nan naku ne.

Ranar Sallah da washegarinta ba masaka tsinke. Wanda ke son kwanciyar hankali ya bari sai taron ya lafa, ko ya zaɓi wata rana a tsakiyar mako lokacin hutun makaranta. A tambayi wanda ya je kwanan nan ƙarfe nawa ake buɗewa, a isa da wuri kafin rana ta take, musamman a watannin Maris da Afrilu.

Ɗauki takarda. Rubuta abu uku, kowanne a layinsa: ranar tafiya, lokacin fita daga gida, lokacin juyowa.

Darasi na 2: Lambar waya a aljihun yaro

Nan za mu daɗe. Ku gyara zama.

Yaro yakan ɓace a taro cikin ƙiftawar ido. Ka juya karɓar canji, ya bi mai sayar da balan-balan. In mai gadi ya tsince shi ya ce, “Yaro, ina babanka?” amsar ita ce kuka. In aka tambayi sunan uwa, sai ya ce “Umma”. Umma nawa ce a wurin? Shi ya sa kowane yaro zai tafi da takarda mai lambar wayarku.

Lambar waya a Najeriya lambobi 11 ce, kuma da 0 take farawa. Zana gidaje 11 a jere, kamar haka:

[ ] [ ] [ ] [ ]   [ ] [ ] [ ]   [ ] [ ] [ ] [ ]

Huɗu, sai uku, sai huɗu. Fara daga hagu. Hagu ita ce gefen hannun da ba a cin abinci da shi. Ku da kuka yi makarantar allo, hannunku ya saba farawa daga dama, wannan ba laifi ba ne, amma a nan daga hagu za a fara. Sa 0 a gidan farko. Ci gaba, lamba ɗaya a gida ɗaya.

Ka gama? Ɗora yatsa ka ƙirga da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, har goma sha ɗaya. In ka samu 10, lamba ɗaya ta faɗi. In ka samu 12, ka maimaita wata, galibi inda lambobi iri ɗaya biyu suke jere. Ba komai, sake rubutawa. Ni ma da nake koyar da ku nakan sake.

Yanzu duba 6 da 9. Cikin 6 yana ƙasa, kan 9 yana sama. In aka juya takarda sai su musanya, don haka ja layi a ƙarƙashin lambar duka, mai karatu ya san ina ne ƙasa. Duba 1 da 7 ma: 7 tana da rufi, 1 ba ta da shi.

Saura gwaji. Miƙa wa na kusa da kai takardar, ya kira abin da ya gani a rubuce. Kada ka faɗa masa da baki. In wayarka ta yi ƙara, masha Allah, ka ci. In wani baƙo ya ɗauka yana “Wa ke magana?”, koma gidan farko.

Wata baiwar Allah a ajinmu na bara ta kai jikokinta wani wurin wasa. Ta rubuta lamba, ta cusa a aljihun ƙaramin, har da addu'a. Yaron ya ɓace, mai gadi ya samu takardar, ya kira ya kira, ba ta shiga: lambobi 10 ne. Sai bayan La'asar aka haɗa su, ita ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da ta dawo na ce, “Hajiya, kin ƙirga kuwa?” Ta ce, “Malam, ai na haddace ta.” A ka ta haddace ta, hannu ne ya tsallake.

Saboda haka kada wanda ya sake ce mini ya haddace. Na gaji da jin wannan kalma. Mako uku muna kan abu ɗaya, har yanzu ana kawo mini lamba babu 0 a gaba, wai “kowa ya san da shi”. Kowa wa? Rubuta shi! Ƙirga 11. Ba wani ya kira.

Yara huɗu, takarda huɗu, kowacce a ƙirga ta daban. Yarinyar da rigarta ba aljihu, a maƙala mata da fil ta ciki. A rubuta da biro, fensir yana gogewa da gumi.

Darasi na 3: Kuɗi

A irin waɗannan wurare sau da yawa kuɗin shiga daban, kuɗin hawa kowane lilo daban. Tambaya tun a ƙofa, ba abin kunya ba ne.

Mu ƙaddara kuɗin shiga naira 2,000 ne, wannan misali ne kawai don lissafi. Kai da maiɗakinka da yara uku, mutum 5 ke nan. 5 sau 2,000 nawa? Rubuta amsar.

Tun a gida a gaya wa yara lilo nawa kowa zai hau. In an ce uku, uku ne. Kuɗin motar komawa a ware shi a wani aljihu, kada a taɓa. A riƙe tsabar kuɗi ko kaɗan, don tiransifa takan maƙale.

Kafin ka juya shafi, ɗauko takardar nan ka sake ƙirgawa. 11 ne?

Darasi na 4: Alluna

Yawancinsu da Turanci suke. Koyi uku: ENTRANCE mashiga ce, EXIT mafita, TOILET banɗaki. Kwafi kowacce sau biyar.

A bakin wasu lilo akan auna tsayin yaro. In ma'aikaci ya ce bai kai ba, bai kai ba. Ban da musu, ban da “yi haƙuri ka bar shi”.

Da kun shiga, nuna wa yara wuri ɗaya da ake hangowa daga nesa. Wanda ya ɓace nan zai tsaya, takardarsa a hannu.

Darasi na 5: Kayan tafiya

Ruwa, hula, kayan canji na ƙaramin yaro, waya cike da caji. A tambaya ko ana barin shiga da abinci. A tambayi wurin sallah tun kafin Azahar.

Darasi na 6: Komawa gida

A fita kafin magariba. A ƙirga yara a bakin ƙofa.

Aikin gida: kowa ya zo da takardar lambarsa ranar Litinin. A gaban aji zan kira ta.