Yadda ake nazarin wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon

Duk shekara, in sababbin ɗalibai suka shigo makarantar tauhidi a nan Yamai, da Filimon nake fara musu nazarin wasiƙu. Aya 25 ce kacal, mafi gajarta cikin wasiƙun Bulus, sai ka ga fuska ta saki. Bayan mako biyu kuwa su ne ke roƙon ƙarin lokaci. Ga hanyar da muke bi.

Da farko ka rufe littattafan sharhi, ka tashi tsaye ka karanta ta da ƙarfi, daga gaisuwa har albarkar ƙarshe, sau uku. Ka fara da Hausa, sannan ka ɗauko fassarar Faransanci ta Louis Segond. Dalilin ɗaga murya yana aya 2: ba Filimon kaɗai aka gaisar ba, har da Afiya da Arkibus da ikkilisiyar da ke taruwa a gidansa. Ka ɗauka maigida na zaune a tsakar gidansa, ana karanta roƙon da aka yi masa, kowa ya zuba masa ido.

Sai ka raba takarda gida biyu. A dama ka rubuta abin da wasiƙar ta faɗa da bakinta, a hagu abin da muka saba ji a wa'azi. Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Kowa ya taso da labarin cewa Unisimas, wanda Bulus ke roƙon Filimon dominsa, bawa ne da ya yi sata ya gudu. To, nuna mini ayar. Aya 15 ta ce sun rabu na ɗan lokaci. Aya 18 kuma da sharaɗi ta zo: in ya cuce ka, in kana bin sa bashi. Bayanin gudu tsoho ne, tun ƙarni na 4 babban mai wa'azi Yohanna Kirisostom ya koyar da shi, kuma yana da ƙarfi, amma a hagu gurbinsa yake. Wasu masana na ganin Unisimas ya je kamun ƙafa ne wurin aminin ubangidansa, abin da Romawa suka sani, mu ma mun san shi: yaro ya ɓata wa maigida rai, sai ya nufi dattijon da maigidan ke jin kunyarsa.

Na uku, buɗe Kolosiyawa sura 4. Unisimas na aya 9, Arkibus na aya 17, ga Abafaras da Markus da Aristarkus da Dimas da Luka, masu gaisuwa iri ɗaya da na wasiƙar Filimon. Shi ya sa ake cewa gidan Filimon a Kolosi yake. Batun ko Bulus na kurkukun Roma ne ko na Afisa, layi biyu sun isa.

Na huɗu, ko Helenancinka bai nuna ba tukuna, ka bi kalma biyu. Sunan Unisimas na nufin mai amfani, aya 11 kuwa a kan ma'anar nan ta tsaya: dā ba shi da amfani gare ka, yanzu yana da shi. Ɗayar ita ce splankna, wato kayan ciki, wadda ake fassarawa zuciya. Sau uku ta fito, a aya 7 da 12 da 20. Filimon ya sanyaya zukatan tsarkaka, Unisimas shi ne zuciyar Bulus, sai Bulus ya ce to sanyaya tawa. Ka ja layi ka haɗa ukun da jan biro, za ka ga ƙashin bayan wasiƙar.

Daga nan ka bi sawun roƙon. Bulus yana da ikon ba da umarni, ya ajiye, ya roƙa saboda ƙauna. Ya ɗauki bashin a wuyansa da rubutun hannunsa. A aya 22 ya ce a shirya masa masauki, ma'ana zai zo ya gani da idonsa.

Sai bayan duk wannan ka kawo ta gida. Wani ɗalibi daga jihar Tawa ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, a garinmu har yau an san gidan ƴaƴa, an san gidan bayi. Me ya hana Bulus cewa a ƴanta shi kai tsaye?" Aji ya yi tsit. Tambaya ce ta gaske a ƙasar da sai a 2003 doka ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani, wadda aka bautar, gaskiya a nan Yamai. Kada ka sa wa Bulus maganar da bai yi ba, kada kuma ka rage nauyin aya 16, inda ya ce a karɓi Unisimas ba a matsayin bawa ba, sai ɗan'uwa ƙaunatacce, ta wajen jiki da kuma cikin Ubangiji. Ka tsaya a kan "ta wajen jiki" ɗin nan, ka haɗa da aya 21, inda yake sa ran Filimon zai yi fiye da abin da aka roƙa. Amsar tambayar ɗalibin nan ita ce aikin gida: shafi ɗaya, kowace magana da ayarta, a karanta a gaban aji ranar Litinin.