Bayan likita ya ce jininka ya hau: kurakuran da muke tafkawa

Shekarata 47 ranar da abin ya same ni. Ina zaune a shago bayan azahar ina lissafi sai na ji ƙeyata ta riƙe, idona na ganin dishi-dishi, lambobin cikin littafi kamar suna rawa. Yaron shagona ne ya ce maigida ko dai mu leƙa kemis? Mai kemis ya ɗaura min abin awo a dantse, ya kalli mashin ya kalle ni, ya sake aunawa, sai cewa ya yi Alhaji wannan ya fi ƙarfin nan, ku wuce asibiti yanzu yanzu. 190/110. A asibiti suka haɗa min da gwajin suga, shi ma aka ce ya fara leƙowa. Yau shekara 4 ke nan, kuma kusan duk kuskuren da zan faɗa a nan ko ni na yi shi ko na ga an yi a gabana a majalisarmu, don mu 'yan sama da 40 ɗin nan yanzu hirar tamu rabi siyasa ce rabi magani.

Na farko da na yi shi ne son gyara komai a rana ɗaya. Tsoro ne ke ja na. Na dawo gida na ce daga yau ba nama, ba tuwo, ba shayi, ba mai, na je na sayi kambas da kayan motsa jiki, washegari da asuba na kama gudu kamar wanda za a ɗauka aikin soja, ni da rabona da gudu tun ina sakandare. Kwana huɗu gwiwa ta kumbura. Sati uku aka gan ni gaban mai balangu ina cewa a ƙara kitse. Shi tsoro ba ya daɗewa, da ka kwana biyu ba ka ji komai ba sai ya tafi, ya bar ka da tsarin da ba za ka iya riƙewa ba. Abin da ya zauna min daga baya shi ne tafiyar ƙafa, minti 30, kwana 5 a sati, wanda shi ne minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa babba ya riƙa samu. Dabarar da na yi, na daina sallar asuba a masallacin ƙofar gida na koma wani da ke can bakin titi, zuwa da dawowa ya ba ni abin da nake nema. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya jan karatu da ƙira'a ba. Kuma in jininka yana can sama sosai kar ka fara ɗaga ƙarfe ko gudu sai likita ya ce to.

Sai babban, wanda ya fi kwantar da mutane: ajiye magani da zarar an ji sauƙi. Wannan wallahi ina jin takaicinsa. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za ka sha magani kwana uku ka warke, kuma yawancin lokaci ba ya nuna alama ko kaɗan, mutum na yawo da 170 yana cin kasuwarsa yana dariya. Ciwon kan da ya kai ka asibiti zai iya tafiya jinin yana nan a sama. To sai ka ji mutum ya ce ai ni na san jikina, in ya hau ina ji. Ba ka ji. Wani kuma ya auna ya ga 125/80 sai ya ce Alhamdulillahi na warke, ya manta cewa maganin ne ya sauko da shi, kamar ka ga ɗaki ya yi sanyi ka kashe fanka ka ce zafi ya wuce. Ƙanin mahaifina haka ya yi, wata biyu da ajiye ƙwayarsa aka tsince shi a banɗaki ɓarin jikinsa na dama ya shanye, mutumin da ke tuƙa kansa daga Kano zuwa Legas, yanzu sai an ɗaga shi an zaunar.

Na san dalilan, ba wai mutane ba su da hankali ba ne. Wani tsoron yake ji don an ce masa in ka fara sha shi ke nan har mutuwa. Eh, da yawa haka ne, amma wasu in sun rage ƙiba sun gyara ci likita na rage musu, shi ne zai rage ba kai ba. Wani maganin ne ke damunsa, amlodipine kan kumbura wa wasu ƙafa, lisinopril kan sa busasshen tari mai naci, metformin kan ɓata ciki a farko musamman in an sha ba a ci abinci ba. Akwai kuma wanda maza ba sa faɗa, sai dai a majalisa a ƙasa-ƙasa, cewa tunda na fara maganin nan harkar iyali ta ja baya. Yana faruwa da wasu magungunan, amma shi kansa hawan jinin da sugan suna kawo hakan. Gyaran duk ɗaya ne: koma ka faɗa wa likita baki da baki, magungunan kala-kala ne, za a canza maka. Kar ka ajiye a ɓoye, kar kuma ka je ka haɗa da na masu talla a tasha. In kuɗi ne matsalar, don magani ya yi tsada ba ƙarya, faɗa masa ya rubuta maka mai sauƙin kuɗi, ya fi ka riƙa sha yau ka tsallake gobe da jibi. Kuma don Allah a daina aron magani, na maƙwabcinka nasa ne.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, wai tunani ne ke kawo hawan jini. Damuwa tana taka rawa, ba musu, amma sai ka ga mutum ya ɗora komai a kan bashin da ake bin sa ko rigimar gida, yana jiran ranar da hankalinsa zai kwanta jinin ya sauka da kansa. Gado na ciki, shekaru na ciki, teɓa na ciki, gishiri na ciki.

Gishirin nan ma labari ne. Na ce wa uwargida a cire gishiri a abincina, ta cire tsaf, wata guda na koma awo abu bai motsa yadda ake so ba. Likitar ta tambaye ni, Malam dunƙulen magi nawa ake sa wa miyarku? Na kira gida a gabanta. Uwargida ta ce Baban Abba ai tunda aka cire gishiri sai na ƙara magi don kar abincin ya yi lami, shida nake sawa. Likita ta yi dariya har da riƙe baki. Ashe shi dunƙulen nan gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Ga yajin da nake barbaɗawa a komai, shi ma gishiri da magi ne a daka, ga kilishi, ga garin ɗanɗanon cikin taliyar leda, ga burodi, har kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka tana da sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu. Abin da aka ƙayyade wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan duka ne har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Yadda muka yi, ragewa aka riƙa yi a hankali, daga shida zuwa huɗu zuwa biyu, aka ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi. Sati biyun farko na yi ta mita, daga baya harshe ya saba, yanzu abincin biki ne nake jin ya yi min gishiri. Kuma tukunya ɗaya ake yi wa kowa, don in aka ware maka taka kai kaɗai kana kallon yara na shan miya mai daɗi, ba za ka kai wata ba.

Ɓangaren suga kuwa wayon da muke yi wa kanmu ya fi yawa. An daina sa suga a shayi an koma zuma cokali uku, wai ai ita magani ce. Zuma na da albarkarta amma tana ɗaga suga. Dabino ma haka in ka zauna ka share rabin leda. Lemon kwalba babba guda ɗaya zai iya ɗaukar sugan da ya haura cokalin shayi 10, su molt da ake kai wa mara lafiya dubiya wai ƙarin jini su ma zaƙi ne zalla, haka zoɓo da kunun aya na sayarwa. Sai tatsuniyar tuwon alkama, an ce mai suga ya bar shinkafa ya koma alkama, sai ya zauna ya tashi da malmala uku yana ganin ya bi doka. Alkama, acca, dawa, gero, masara, duk sitaci ne, wasu sun fi wasu amma yawan shi ne magana. Malmala ɗaya madaidaiciya, miya mai ganye da yawa, zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, ga wake ga ƙwai ga kifi. Ni rabin farantina ganye ne yanzu, kwaɗon zogale ya zama abokina, ba suga a ƙuli-ƙulin. Fura ban bar ta ba, na dai rage kofin na cire suga. Wasu kuma kuskurensu yunwa ce, su ƙi karyawa su ƙi cin rana alhali sun sha maganin suga irin su glibenclamide, sai jiri da gumi da karkarwa, sugan ya faɗi ƙasa da 70 a mashin awon suga, wannan kuma yana iya sumar da mutum nan take. In ka ji haka sha abu mai zaƙi maza, sannan ka ci abinci.

Maganin gargajiya, nan sai na taka a hankali don Hajiyarmu ma ta aiko min da jarka guda. Ni ban raina zogale ko tafarnuwa ko zoɓo marar suga ba, abinci ne masu amfani. Matsalar ita ce a ajiye na asibiti a koma kansu, ko a sayi haɗin da mai mota da lasifika ke cewa yana maganin suga da hawan jini da basir da sanyi duk a kwalba ɗaya, ba ka san me ke ciki ba, ba ka san awonsa ba, ƙodarka ce za ta tace shi kuma dama ciwon nan biyu ƙoda suke nema. Na ce wa Hajiya na gode Allah ya saka, na kai wa likita ta gani. Haka magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen da muke haɗiya kamar gyaɗa in mun gaji, suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda, tambaya kafin ka mayar da su na kullum.

Sai awo. Wasu ba sa yi sam sai sun ji jiri, wasu kuma sun sayi mashin suna aunawa sau goma a yini suna tayar wa kansu da hankali. Sayi na dantse, ya fi na wuyan hannu. Zauna minti 5 ka huta, bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana ba waya, kuma kar ka auna kana gama shan shayi ko cin goro ko hawa bene. Rubuta a littafi da kwanan wata ka tafi da shi asibiti. Daga 140/90 zuwa sama in yana maimaituwa shi ake kira hawan jini, suga kuma in an auna kafin karyawa ya kai 126 ana maimaitawa ana samun haka, ya zama ciwo. Teɓa ma tana da awonta mai sauƙi, zagayen cikinka kar ya wuce rabin tsawonka, igiya ma ta isa ka gwada. Sigari da shisha kuwa ba maganar ragewa, bari ake yi.

Azumi na zuwa sai a rikice. Wani ya haɗe duk ƙwayoyinsa ya watsa a sahur, wani ya ajiye su sai bayan salla. Je ka ga likita tun watan Rajab ko farkon Sha'aban a tsara maka lokutan sha. Mai suga ya riƙa aunawa da rana, in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 likitoci cewa suke a karya, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame, tambayi malaminka ka ji. Buɗa-baki kuma ba sai an jera kunu da ƙosai da soyayyen dankali da lemo da fanke a zama ɗaya ba.

Wanda nake roƙon iyalai su riƙe shi ne wannan, don shi mara lafiyan a lokacin ba ya iya yi wa kansa komai. In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da nauyi da gumi, asibiti za a nufa a take. Lokacin da abin ya sami ƙanin mahaifin nan nawa sai da aka yini ana cewa iska ce ta buge shi a banɗaki, ana hayaƙi ana shafe-shafe, har da ɗura masa ruwa alhali ba ya iya haɗiya, sai bayan isha aka nemi mota. A yi addu'a a cikin motar ana tafiya, awannin farkon nan su ne likitoci ke iya ceto wani abu.

Masu suga kuma a riƙa zuwa duba ido da gwajin ƙoda ko sau ɗaya a shekara ko da ba a jin komai, kuma a kula da ƙafa. Ciwon na kashe jin ƙafa a hankali, ƙaya ko ƙusa ta soke ka ba ka sani ba sai ya zama gyambo. Bar yawo ba takalmi a tsakar gida, bar yanke farce da reza har cikin nama, in ka yi alwala goge tsakanin yatsu ya bushe. Ni kullum da dare kafin na kwanta sai na haska tafin ƙafata da fitilar waya, uwargida tun tana dariya har yanzu ita ke tuna min in na manta.