Yadda za ka koma koci idan ƙafa ta gaji a Turai

Na shekara da shekaru ina horar da yara a filin unguwa, kuma duk wanda Allah ya ɗaga cikinsu ya samu kulob a waje, magana ɗaya nake masa: ƙanena, ka nemi lasisin koci tun kana buga ƙwallo, kada ka jira sai gwiwa ta ce a'a.

Dalilin mai sauƙi ne. A Turai ba sunan mutum ne ke zaunar da shi a bencin koci ba, takarda ce. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta jera lasisin hawa-hawa, C, B, A, sannan Pro, kuma sai mai Pro ake bari ya riƙe kulob a babbar gasar ƙasa. Hukumar ƙwallon ƙasar da kake ciki ita ke shirya kwas ɗin, don haka lokacin da kake da takardar zama da albashi shi ne lokacin yi. A Ingila ƙungiyar 'yan wasa ta PFA har taimaka wa mambobinta take yi da kuɗin kwas. Ranar da kwantiragi ya ƙare, biza ma sai ta zama aiki.

Bayan atisaye kada ka ruga gida. Je ka wurin mai horar da yaran kulob ɗin ka ce a ba ka 'yan ƙasa da shekara 15 sau biyu a mako. Ɗauki mazugan roba ka jera da hannunka, ka riƙe usur. A nan za ka gane cewa iya yanka daban, iya koya wa yaro yanka daban. Ni kaina ranar farko da na tsaya gaban yara na yi minti goma ina bayani, da na juyo rabinsu na wasan ƙasa. Kuma ka koyi yaren garin sosai, domin kocin da ke jiran tafinta kafin ya yi faɗa a hutun rabin lokaci, faɗan ya huce.

Dubi Ndubuisi Egbo. Gola ne, ya tsare raga a Al Masry ta Masar, ya kuma tsare wa Tirana ta Albaniya. Da ya rataye safar hannu bai raina ƙaramin aiki ba, daga baya ya koma Tirana a matsayin mai horar da masu tsaron gida. Ya san 'yan wasan, ya san shugabannin, ya san halin 'yan kallo. A ƙarshen 2019 kulob ɗin ya rikice aka miƙa masa, a 2020 ya ɗauki kofin gasar ƙasar, a shekarar da kulob ɗin ya cika shekara 100. Kolo Toure kuwa, duk da sunansa na Arsenal da shekarun da ya yi yana mataimaki a Celtic da Leicester, ya karɓi kulob ɗin Wigan na Ingila yana can ƙasan teburi, wasa 9 bai ci ko ɗaya ba aka sallame shi a Janairun 2023. Ni a ganina aikin ne bai dace a fara da shi ba. Kafin ka ce to, tambayi ko ana biyan albashi a kan lokaci, da kuma wa ke da ta cewa wajen sayen 'yan wasa.

Sai kwantiragi. Ka ba lauya ya karanta, a rubuta ƙarara nawa za a biya ka idan aka kore ka kafin wa'adi, don korar tana nan tafe. Marigayi Stephen Keshi ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, karon farko a tarihinta, amma kafin a tafi Jamus an maye gurbinsa da Otto Pfister. Egbo ma bai ƙarasa 2020 a kujerar ba.