Kyamara da Gidanta a Ƙarƙashin Teku: Kurakuran da Sababbin Masu Nutso Suka Fi Yi

Wanda ya fara nutso a Bahar Maliya, ko a Hurgada ne, ko Dahab, ko Fot Sudan, ranar da ya ga murjani da kifaye kala-kala da idonsa, buri ɗaya yake fitowa da shi: gobe sai da kyamara. To daga nan asarar kuɗi ke somawa, domin yawancin mutane ta baya suke fara sayayyar.

Babban kuskure shi ne sayen kyamara kafin a duba gidanta. Gida shi ne akwatin nan na roba mai ƙarfi ko na alminiyam da ake rufe kyamara a ciki don kada ruwa ya taɓa ta. Ba kamar jaka ba ne da za ka jefa duk abin da ka samu. Yawanci kowane gida kyamara guda aka ƙera wa, kowane maɓalli na waje yana saitin maɓallinsa na ciki. Ko cikin dangi ɗaya ma ana samun saɓani: Sony RX100 V da RX100 VI kamar tagwaye suke a ido, amma idon ta biyun, wato gilashin da ke ɗaukar hoto, ya fi tsawo in ya miƙe, don haka ba lallai gidan wannan ya karɓi waccan ba. Akwai kuma kyamarori masu kyau da babu kamfanin da ya yi musu gida ko kaɗan. Gyaran abu ne mai sauƙi. Kafin ka biya ko sisi, duba ko Nauticam, Ikelite, Sea & Sea ko Fantasea sun yi wa wannan samfurin gida, nawa ne kuɗinsa, kuma ana samun kayan gyaransa. Kada ka yi mamaki in ka tarar kuɗin gidan ya kai na kyamarar, ko ya ɗara. Ni a ganina tsohuwar kyamara mai gida nagari ta fi sabuwa fil da ke kwance a ɗakin otal.

Na biyu, yarda da rubutun kwali cewa wai kyamara ba ta jin ruwa. Ba ta ji har zuwa ina? A teku, duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke doron ƙasa. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Olympus TG-6 da magajiyarta TG-7 iyakarsu mita 15 in babu gida, amma cikin gidansu PT-059 suna kai mita 45. Ƙaramar kyamarar GoPro tsirara mita 10 ce, cikin gidanta mita 60. Yanzu ka auna: takardar shaidar nutso ta farko ma mita 18 take ba ka, ta gaba mita 30. Jirgin ruwan nan Thistlegorm da aka nutsar a Bahar Maliya a 1941, wanda masu hoto ke rububin gani saboda babura da motocin da ke cikinsa, yana kwance ne a wajen mita 30. Ka zaɓi gidan da iyakarsa ta wuce zurfin da za ka je da rata mai kyau. Jakar ledar waya kuwa, a bar ta a bakin kududdufin otal.

Sai maganar haske, inda mutane suka fi yin rowa. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, tun wajen mita 5, ruwan lemo ya bi shi, sannan rawaya, har komai ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. Shi ya sa za ka ga mutum da kyamara mai tsada amma hotunansa kamar an tsoma su a rinin baba. Matsalar ba sabuwa ba ce. Louis Boutan, Bafaranshen da ya ɗauki hotuna a ƙarƙashin teku a Banyuls da ke kudancin Faransa tun cikin 1893, sai da ya koma ƙona garin magniziyam a cikin tulun gilashi don ya sami haske. Mu yau filas muke da shi, amma a nan ma ana tafka wani kuskuren: dogaro da ɗan filas ɗin da ke jikin kyamara. Yana dab da ido, don haka duk wata ƙura da ƙananan halittu da ke yawo tsakaninka da kifi sai haske ya doke su ya dawo kai tsaye, hoto ya cika da fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gari. Maganinsa filas na waje, irin na Inon ko Sea & Sea, a ɗora shi kan dogon hannu, a ja shi gefe, yadda bakin hasken kawai zai shafi abin da ake ɗauka. Tun wajen zaɓen gida ka tabbatar yana da kafar haɗa igiyar filas. In kasafinka ya yi kaɗan, rage daga kuɗin kyamara, kada ka rage daga na haske. Kuma ka sani ko filas mai ƙarfi ba ya wuce mita ɗaya zuwa biyu da amfani. Jan gilashin da ake maƙala wa GoPro yana taimakawa a ruwa marar zurfi da rana tsaka, amma kada ka haɗa shi da fitila, komai zai fito jawur. Kyamarar da ke adana hoto a tsarin RAW ta fi, don tana ba ka damar gyara launi daga baya.

Wannan ya kawo mu ga masu kwaɗayin ido mai janyo nesa da yawan megafiksel. A kan tudu abin alfahari ne, a ruwa ba shi da wani amfani, tun da duk ruwan da ke tsakaninka da kifi yana cin launi da kaifin hoto. Masu sana'ar suna da magana ɗaya da suke nanatawa: ka matso, in ka ga ka matso, ka ƙara matsowa. Ido iri biyu ne ke aiki, mai faɗi wanda zai ɗauke tudun murjani ko jirgi kana kusa da shi, da na ƙananan abubuwa irin dokin ruwa da dodon koɗi marar ƙoƙo. Gilashin gaban gida ma yana da nasa hukunci. Shimfiɗaɗɗe yana sa abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matse faɗin hoto. Wannan alheri ne ga ƙananan halittu, cikas ne ga manyan wurare. Mai siffar ƙubba shi ke dawo da faɗin. Ga ƙananan kyamarori akwai idanun da ake ɗaurawa a cire cikin ruwa, yawancinsu a bakin milimita 67, alhali gidan TG bakinsa 52 ne. Ka duba wannan lambar tun a kanti.

Yanzu ga inda ake kuka. Abin da ke raba kyamararka da teku wani siririn zoben roba ne da ke zagaye da ƙofar gida. Yawancin gidajen da ruwa ya shiga ba fashewa suka yi ba, mai su ne ya rufe da gaggawa. Ni ma na taɓa ɗanɗanawa. Na canza batir a kan kwale-kwale, hannu jiƙe, ana ta kira a shiga ruwa, ashe silin gashi guda ya gitta kan zoben. Ban kai mita 5 ba na ga ruwa na taruwa a ƙasan gidan. Ruwan gishiri kuwa ba ya barin na'ura da rai. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka haɗa kayanka tun da dare ko da asuba, a ɗaki mai sanyi da haske sosai. Ka cire zoben ta hanyar matsa shi da yatsu biyu har ya tasa, ko da gefen katin roba, ban da wuƙa, ban da allura. Ka goge raminsa da ƙyalle marar zare. Man da ake shafa wa zoben kuma ɗan kaɗan, iya yadda zai yi sheƙi. Mutane suna zaton man ne ke tare ruwa, sai su lafta. A'a, aikinsa sa robar ta zame ta zauna daidai, in ya yi yawa yashi da gashi yake kwasowa. Ka yi amfani da wanda kamfanin gidan ya bayar, domin wani man yana kumbura wata robar, basilin kuwa kada ma ya matso. Sabon gida, a fara nutsa shi babu kyamara, da ɗan tishu a ciki wanda zai tona asirin ko ɗigo ɗaya. In gidan yana karɓar famfon da ke zuƙe iska ya kunna koriyar fitila, alamar ya rufu babu yoyo, saye shi. Cikin kayan duka babu kuɗin da ya fi wannan halalta kansa.

Abin mamaki, zoben ya fi rauni a saman ruwa, inda babu matsin da zai danne shi. Saboda haka kada ka yi tsalle daga jirgi da kyamara a hannu. Shiga, a miƙo maka. Kada kuma ka bar ta cikin bahon da ake ɗauraye kayan nutso tana karo da na mutane. Rana ma abokiyar gaba ce: gida ya yi zafi, ka shiga ruwa mai sanyi, raɓa ta rufe gilashi daga ciki. Lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, ka sa ɗan ƙunshin busarwa irin wanda ake samu a kwalin takalmi, ka lura kada gefensa ya maƙale a ƙofa. Bayan nutso a jiƙa gidan a rufe cikin ruwan daɗi, ana danna kowane maɓalli don gishiri ya fita. Mai komawa da kayansa Kano ko Damagaram, ya cire zoben ya sa a ƙaramar leda mai zif, don ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa roba.

Akwai kuma wanda bai fi nutso biyar ba ya sayo babbar kyamara, gidan alminiyam da filas biyu. Mutumin da bai iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa da numfashinsa ba, in ka ba shi wannan kaya, ƙafarsa za ta karya murjanin da ya yi shekaru yana girma, ya tayar da yashi ya ɓata wa kowa hoto, ya kuma manta da duba agogon tukunyar iskarsa, wanda shi ne mafi hatsari. Ka fara da ƙarama irin TG ko RX100 da filas ɗaya, ka ɗaure ta a jikinka da igiya mai maƙata. Ranar tafiya kuma batiran litiyam a jakar hannu suke shiga jirgin sama, ba a akwatin kaya ba, gidan kuwa a cire masa zobe ko a bar ƙofarsa a sake, in ba haka ba canjin matsin iska zai iya liƙe ta ka sauka kana kokawa da ita.