Yadda Ake Zaɓar Mazubin Man Ƙamshi da Turare a Yankinmu Mai Zafi

Mai ƙulla turare yana kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a, da matar da ke haɗa humra a cikin gida tana sayar wa amare, duk sun san cewa kuɗin man ne ke cinye jari, shi ya sa ake yawan neman sauƙi a wajen sayen kwalba. A ganina nan ne bai kamata a yi tsumulmula ba, domin haske da iska da zafi su ne ke kashe ƙamshi, kuma mazubi kaɗai ke tsaye tsakaninsu da man.

Da farko a tantance irin man da ke hannu. Akwai tsantsar man da ake fitarwa daga tsirrai ta hanyar turara su da tururi, kamar man kanumfari da na na'ana'a da na ganyen bishiyar turare, ko ta hanyar matse ɓawo, kamar man lemo. Akwai kuma man turare na haɗin kamfani, wanda sau da yawa an riga an sirka shi da wani sinadari mai ƙarancin wari da ake kira DPG. Na farkon ya fi kaifi, kuma shi ya fi cin mazubi. Kada a haɗa hukuncinsu da na man riɗi ko man gyaɗa, waɗanda ba sa bin iska su tashi, saboda haka zaman jarka ba ya cutar da su sosai.

Ga tsantsar mai, kwalbar gilashi ita ce zaɓi, domin gilashi ba ya narkewa, ba ya shan ƙamshi, ba ya kuma sa wa man wani wari nasa. Launinta ma yana da muhimmanci. Kwalba mai ruwan goro tana tare mafi yawan hasken da ke lalata mai, shuɗiya da koriya suna biye da ita amma ba su kai ta ba, fara kuwa ba ta tare kusan komai. Na san masu saye suna son farar kwalba saboda su ga kalar turaren, kuma ɗan kasuwa ba zai yi jayayya da idon mai saye ba. Mafita ita ce a ajiye jarin a cikin kwalba mai duhu, a riƙa ƙulla kaɗan-kaɗan a farare gwargwadon abin da zai ƙare a kasuwa ɗaya ko biyu, kuma kada a baje su a faifai cikin rana.

Idan man ya kai lita ɗaya ko fiye, gorar alminiyam wadda aka shafe cikinta da rufi na musamman ta fi dacewa, kuma irinta ce manyan dillalai ke kawo mai a ciki daga waje. Ba ta fashewa, haske kuma ba ya ratsa ta. Gwangwanin baƙin ƙarfe bai dace ba, domin man kanumfari, alal misali, yana yin duhu idan ya daɗe yana taɓa ƙarfe.

Batun roba yana buƙatar natsuwa, saboda ba duka robobi ne ɗaya ba. A juya gindin gorar, za a ga lamba a cikin ɗan zane mai kusurwa uku. Lamba 1 da lamba 2 suna iya ɗaukar turaren da aka sirka, ko sabulun ruwa da man shafawa masu ƙamshi. Lamba 3 da lamba 6 a guje su gaba ɗaya; ta shidan ita ce irin robar farin mazubin abinci mai kama da soso, kuma ɗigon man lemo yana iya huda ta. Lamba 4 tana da laushi, ƙamshi yana ratsa jikinta ya fita ko da murfin yana ɗaure. Alamar cewa roba ta gaza ita ce gorar ta lotsa ciki, ko ta yi danƙo a hannu, ko a ji ƙamshin a bayanta alhali ba ta yoyo.

Murfi ne wurin da aka fi yin asara, kuma shi ne aka fi rainawa. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Haɗeja da Gumel, kuma ɗakin kwano ya fi waje zafi da tsakar rana. A irin wannan yanayi man yana kumbura, tururinsa yana neman hanya, kuma duk murfin da bai zauna daram ba zai bar sashen ƙamshin da ya fi sauƙin tashi ya gudu, ya bar turare mai nauyi wanda mai saye zai ce an yi masa algus. A nemi murfi mai zare, wato na murɗawa, wanda ke da ɗan toshi a cikinsa da ke shiga bakin kwalbar ya matse. Murfi mai shimfiɗar kwali a ciki yana jiƙewa ya ruɓe. Maɗigi mai kan roba da ake matsawa yana da kyau wajen aunawa, amma idan aka bar shi a matsayin murfi, tururin man zai kumbura robar ta yi laushi har ta narke cikin turaren. Toshiyar tsumma ko ta leda, wadda har yanzu ake gani a ƙauyuka, ba murfi ba ce. A ƙananan kwalabe masu ƙwallo a baki, ƙwallon ƙarfe marar tsatsa ko na gilashi ya fi na roba ƙarko.

Girman kwalbar ya dace da yawan man. A cika ta zuwa kafaɗa, a bar ɗan sarari domin kumburin zafi, amma kada a bar rabin kwalba iska ce, saboda iskar da ke ciki tana tsufar da man, musamman na lemo wanda ya fi saurin juyawa. Idan babbar kwalba ta yi ƙasa, a juye ragowar a ƙarama. Masu sayarwa a mililita 3 da 6 da 12, wanda na ƙarshen ne ake kira tola, su keɓe wa kowane ƙamshi sirinjinsa.

Tsohuwar kwalba tana amfani idan an wanke ta da sabulu, an ɗauraye da itanol, wato ruwan sinadari mai saurin bushewa da ake sirka turare da shi, an bar ta ta bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa yana dusashe man. Murfin kuwa a sa sabo. Amma kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin feshin gona ko na ƙwari ba ta wankuwa, kada a kusance ta. Haka nan kada a zuba man a gorar lemon sha, domin yaro zai ɗauka abin sha ne, kuma ɗan kaɗan na man bishiyar turare ko kafur yana iya jefa shi cikin mummunan hali.

Kafin a sayi kwalabe da yawa daga Sabon Gari a Kano, a sayi 'yan kaɗan a gwada. A zuba man, a yi alama a inda ya tsaya, a kife ɗaya a kan farar takarda ta kwana, a ajiye sauran mako biyu a ɗakin da kayan za su zauna, sannan a duba ko man ya ragu, ko launinsa ya sauya, ko murfin ya saki.

A rubuta sunan man da ranar ƙullawa a jikin kowace kwalba, a bi rubutun da farin salatif domin man yana goge tawada. Wanda zai sayar da suna da tambari ya tuna cewa turare yana cikin kayan kwalliyar da hukumar NAFDAC ke yi wa rajista. Wajen ɗauka a babur, a jera kwalaben a tsaye cikin kwali, a cusa takarda ko garin katako a tsakaninsu, a kuma nisanta su da injin da ke zafi, musamman turaren da aka sirka da itanol, wanda ke kama wuta da sauri.