Kurakuran da malamai suka fi yi wajen koyon aiki da na'ura a aji

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗayanta kan kwamfuta, malamin sakandare a Gombe ya rasa uzurin cewa na'ura ba ta shafe shi ba. Ita ma jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, TRCN, a kan kwamfuta ake zana ta, kuma a 2024 hukumar WAEC ta fara gwada wannan hanya da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. Malamai da yawa sun karɓi sauyin hannu bibbiyu, sai dai akwai kurakuran da ake ta maimaitawa daga wannan makaranta zuwa waccan, kuma galibinsu sun samo asali ne daga fara tunanin na'ura kafin tunanin darasi.

Babba daga cikinsu shi ne mayar da majigi ya zama allo. Malam zai kwashe bayanin da ya saba rubutawa da alli, ya zuba shi a shafukan PowerPoint da ƙananan haruffa, sannan ya juya wa ɗalibai baya yana karanta abin da ke bango, su kuma suna kwafa kamar yadda suka saba. A nan ba a ƙaru da komai ba, hasali ma an yi asara, domin rubutun alli ya fi fitowa a ajin da tagoginsa ba su da labule, musamman da hantsi idan rana ta ɗaga. Gyaran shi ne malam ya tambayi kansa tun yana shirya darasi: mene ne alli ba zai iya nunawa ba? Alli ba ya nuna bugun zuciya tana tura jini, ba ya nuna yadda wata yake shiga tsakanin rana da duniya har a yi husufi. Malamin labarin ƙasa da ke koyar da madatsun ruwa zai iya haska hoton tauraron ɗan Adam na madatsar Dadin Kowa, ya bi kogin Gongola da sanda, ya bar yara su gano da kansu inda ruwan ya taru da inda gonakin rani suka yi kore. Hoto ɗaya irin wannan, ko bidiyo na minti uku da ake tsayarwa ana tambayoyi, ya fi shafi ashirin na rubutu amfani. Idan kuma dole ne a sa rubutu, to malam ya je bencin ƙarshe ya zauna ya duba, abin da bai iya karantawa daga can ba ya goge shi.

Kuskure na biyu shi ne gwajin kaya a gaban ɗalibai, kuma ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa a wata makaranta da na koyar. Na shiga aji da sabuwar kwamfuta da tsohon majigi, ban lura cewa wayar majigin mai shuɗin kai ce ta VGA ba, alhali kwamfutar ramin HDMI kawai gare ta. Rabin darasin minti 40 ya tafi ina jujjuya waya, yara suna ƙus-ƙus, har wani ɗan bautar ƙasa ya leƙo ya ce, "Malam, ai sai an samo ɗan mahaɗi tukuna, wannan kan ba zai shiga ba." Tun daga ranar nake haɗa komai kwana ɗaya kafin darasi, a ajin da zan koyar. Wanda ya haɗa waya daidai amma hoto ya ƙi fita bango, ya danna maɓallin Windows tare da harafin P, ya zaɓi a nuna abu ɗaya a fuskokin biyu. Haka kuma kada a dogara da intanet a tsakiyar darasi, a sauke bidiyo tun a gida. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, yana da darussa kyauta da malam zai iya dubawa tun da wuri ya zaɓi wanda ya dace da ajinsa. Kuma ko da komai ya tafi daidai, alli ya kasance a aljihu, domin ana iya ɗauke wuta a kowane lokaci.

Akwai kuma girman kai, wanda Hausawa suka kira rawanin tsiya. Malamin da ya shekara ashirin yana koyarwa yakan ji nauyin tambayar yaron da aka ɗauka aiki bara, sai ya gwammace ya jira a tura shi bita. A ganina ba bitar ce matsala ba, matsalar ita ce a dawo da takardar shaida da alawus, sannan a yi zango guda ba a taɓa linzamin kwamfuta ba. Hannu ne yake koyon wannan aiki, saboda haka ya fi kyau malam ya ɗauki abu ɗaya tak, kamar lissafa makin ɗalibai a Excel, ya yi ta maimaitawa har ya zauna masa, kafin ya wuce zuwa wani. Shugabannin makarantu ma suna da nasu laifin, domin wasu sukan kulle kwamfutoci a sito saboda tsoron kada su lalace, alhali batirin da aka bari wata da watanni ba caji mutuwa yake yi a ajiye.

Kula da kayan bai da wuya. Ba a zare wayar wutar majigi mai ƙwan fitila da zarar an kashe shi, sai fankarsa ta gama sanyaya ƙwan ta yi shiru. A lokacin hunturu ƙura tana toshe matatar iskarsa, don haka a riƙa kakkaɓe ta, a kuma rufe shi da ƙyalle bayan ya huce. Filashi, wato ɗan ma'ajin fayiloli da ake soka wa kwamfuta, idan ya zaga shagunan buga takardu na cikin gari yakan dawo da ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli, sai a binciko shi kafin a buɗe. Malaman Hausa kuma su riƙa adana tambayoyin jarrabawa a tsarin PDF, in ba haka ba haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ suna iya komawa akwatuna a wata kwamfutar.

Sabon kuskuren da ya shigo tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 shi ne karɓar shirin darasi daga ƙirƙirarriyar basira ba tare da tantancewa ba. Irin waɗannan manhajoji suna rubutu da cikakken ƙarfin gwiwa ko da sun yi kuskure, kuma kuskurensu ya fi yawa a tarihin gida da nahawun Hausa, don haka duk wata shekara ko wani suna da suka kawo sai an gwada shi da littafin da tsarin karatun makaranta ya amince da shi. Haka nan tura aikin gida ta WhatsApp kaɗai yana barin wasu yara a baya, domin akwai wanda wayar gidansu ɗaya ce, tana hannun mahaifinsa a kasuwa har bayan sallar isha'i. Aikin da aka tura ta waya a rubuta shi a allo ma kafin a tashi, a kuma ba da kwana biyu ko uku kafin a karɓa.