Yadda Ake Bin Sawun Kalmar Ingilishi Har Gidan Ubanta

Fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus na Ingilishi na aro ne, galibi daga Faransanci da Latin. Gano asalin ɗaya daga cikinsu kamar bin sawun akuyar da ta ɓata ne: ba ka kama ta maƙwabci don kawai launinsu ɗaya, sai ka ga inda ƙafa ta taka.

Fara da rubutun kalmar, domin haruffa kan tona asiri. In ka ga "ph", "ps" ko "rh", ko "ch" da ake furtawa kamar k, irin su "philosophy" da "chorus", to ka zargi Girkanci. Tsohuwar kalma mai farawa da "sk", kamar "sky" da "skin", yawanci mutanen Denmak da Nowe ne suka zo da ita lokacin da suka mamaye arewa da gabashin Ingila a ƙarni na 9. Shi ya sa "shirt" da "skirt" 'yan gida ɗaya ne: ta farko 'yar ƙasa, ta biyu baƙuwa. Sunayen garuruwa ma haka. Mai ƙarewa da "by", kamar Derby da Grimsby, mazaunin waɗannan baƙi ne. Mai "chester" ko "caster", kamar Manchester da Lancaster, daga "castra" ne na Latin, wato sansanin soja. Amma wannan duk zato ne, ba hujja ba tukuna.

Hujja tana wurin shekara. Nemi ƙamus mai kawo tarihin kalma, irin babban ƙamus na Oxford da aka kammala bugunsa na farko a 1928, ka duba lokacin da aka fara ganin ta a rubuce. Sai ka tambayi kanka: da wa Ingilawa ke hulɗa a lokacin? A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, suka zama masu fada da shari'a. Daga nan "court", "judge" da "prison" suka shigo. Dabba a garke ta riƙe sunanta na gida, "cow" da "sheep", namanta a akushi kuwa ya koma "beef" da "mutton". Furuci ma na taimakawa: "chief" da "chef" kalma ɗaya ce ta Faransanci da aka ara sau biyu. Ta farko ta shigo wajen 1300 da sautin c, ta biyu sai ƙarni na 19, bayan Faransawa sun mayar da sautin sh.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne rikita mai ba da aro da mai asali. Rubuta zangon kalmar ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshe zuwa na farko. Ɗauki "sugar": Ingilishi ya karɓa daga Faransanci, Faransanci daga Italiyanci da Latin na tsakiyar zamani, su kuma daga "sukkar" na Larabci, Larabci daga Farisanci, Farisanci daga Indiya. Bahaushe ya san ta ta ƙofa biyu, sukari daga Larabawa da suga daga Turawa. Wanda ya ce "sugar" Larabci ce bai yi ƙarya ba, amma ya sauka a tsakiyar hanya. "Coffee" kuma, gahawarmu ke nan, sai da ta yada zango a Turkiyya kafin ta isa Turai.

Ma'ana ita ma tana tafiya, kar ka yar da zato don ta sauya. "Alcohol" daga "al-kuhl" take, wato kwalli. Masu haɗa magani a Turai sun fara kiran duk wani gari mai laushi da sunan, sannan duk abin da aka tace har ya zama zalla, daga ƙarshe ya tsaya kan abin da ake tacewa daga giya. "Magazine" rumbunan ajiya ne, "makhazin", kafin ta zama mujalla. "Algorithm" kuwa sunan mutum ne, Alkawarizmi, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9.

Kama da wane ba ta wane. "Bad" na Farisanci da "bad" na Ingilishi furuci ɗaya, ma'ana ɗaya, amma ba su haɗa komai ba, dace ne kawai. An daɗe ana cewa boko daga "book" take, har masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin jabu ko algus. Labarin da ya cika daɗi, musamman mai cewa tsohuwar kalma haruffan farko ne na wata jimla, kamar yadda ake faɗa kan "posh", ka ajiye shi gefe sai an nuna maka takarda mai shekara.

Ka kuma lura da harafin da ya faɗi a hanya. "Apron" a da "napron" ce. "A napron" aka riƙa ji kamar "an apron", n ta koma wa maƙwabciya. "Orange" ma ta taso daga "naranj", amma tata n ta zube tun kafin ta taka ƙasar Ingila.